Yadda ake tara tsofaffin 'yan robar katun a Kano, daga buhun gwanjo zuwa akwatin ajiya

Wata Asabar da hantsi ina tsugune gaban wani mai gwanjon kayan wasan yara a Ƙofar Wambai, hannuna cikin buhu har gwiwa, sai yatsana ya taɓo wani siririn abu. Na zaro shi. Rabin takobi ne na roba, launin shunayya, bai wuce tsawon yatsa ba, gefe ɗaya a shafe kamar an raba shi da wuƙa. Mai kayan ya leƙo ya ce, "Alhaji, wannan ai shara ce, riƙe gyara." Na jefa a aljihu ina ta kokawa da fuskata kada ta tona min asiri. Takobin Skeletor ne, abokin gabar He-Man, jarumin wani tsohon katun. Shi Skeletor ɗin ya fi shekara biyu kwance a akwatina hannu Rabbana, ina neman makaminsa.

Duk wanda ya taso a Kano lokacin da talabijin ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma ya san abin da nake nufi. A taso daga islamiyya a guje, a cika falon maƙwabcin da ke da talabijin, ana addu'ar kada NEPA su ɗauke wuta kafin zakunan Voltron biyar su haɗe. Yawancinmu ba mu taɓa riƙe 'yan robar nan ba a lokacin. Namu motar langa-langa ne da motar kara da shanun laka, sai ɗan abin da mahajjata suka zo da shi tsaraba. Na kanti irin su Kingsway da Leventis, ko wanda uba ya sayo daga Ingila, sai gidajen masu hali. Yanzu da furfura ta fara leƙowa, wasunmu na bin sawun abin da ya wuce mu. Ga yadda nake yi, da inda na yi tuntuɓe.

Fara da gida da malaminka

Kafin ka kashe ko sisi, akwai maganar da ba a tsallake ta a garin nan. Waɗannan abubuwa surori ne masu kai da fuska. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura sananne ne, haka ma ruwayar da ta nuna Nana Aisha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tana yarinya. Malamai sun yi magana mai faɗi kan bambancin abin wasan yara da abin da babba zai kafa a matsayin ado, kuma ba ni ne zan yanke maka ba. Je ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa gaskiyar yadda abin yake. Ni dai nawa a rufe suke cikin akwati, ba a jere a falo ba, ba kuma a ɗakin da ake salla ba. Na san wanda ya taƙaita kan motoci da jirage da tankokin yaƙi kawai, kuma tarinsa ya fi nawa kyan gani.

Sai uwargida. Ka gaya mata tun farko, ka kuma yanke abin da za ka riƙa kashewa a wata, kuɗin da in ya ɓata ba zai taɓa cefane ba. In ta fara ganin su ne a ƙasan gado ba tare da bayani ba, za ka sha tambayoyin da suka fi na kuɗi nauyi, don ɗan mutum mai fuskar ƙwarangwal a ƙarƙashin gadon magidanci ba ya kama da abin wasa a idon kowa.

Zaɓi layi ɗaya

Kuskuren sabon shiga shi ne ya kwashi duk ɗan robar da ya gani. Bayan wata uku sai ya tarar da buhu guda na tarkace, babu biyu da suka fito gida ɗaya. Zaɓi layi ɗaya, wato 'yan robar katun guda, iyaka biyu, ka san shi ciki da bai.

Yawancin layukan da ake nema 'yan shekarun 1980 ne, kuma da dalili. A farkon shekarun nan hukumomin Amurka suka sassauta ƙa'idar talla a shirye-shiryen yara, sai kamfanoni suka gano cewa katun kansa zai iya zama tallan rabin awa. Wato ɗan robar ne gaba, labarin ya biyo baya. Kamfanin Mattel ya fitar da He-Man da mutanensa a 1982, katun ɗin bai zo ba sai 1983. Tsawonsu kamar inci biyar da rabi, gajeru masu ƙirji, ƙafafu a tanƙware kamar 'yan kokawa sun shiga fili. Hasbro, wadda ta fara G.I. Joe mai inci 12 tun 1964, ta dawo da shi a 1982 ƙarami, inci uku da kwata uku, girman da kamfanin Kenner ya yayata da 'yan Star Wars tun 1978. Transformers, masu rikiɗa daga mota ko jirgi su koma mutum-mutumi, sun shigo a 1984, amma asalin jikinsu na kamfanin Takara ne na Japan, Hasbro ta sayo izini ta raɗa musu sunaye da labari. ThunderCats na LJN 1985 ne. Kunkuru huɗun nan 'yan ninja kuwa Playmates ce ta fitar da su a 1988.

In shawarata kake so, fara da kunkuru ko He-Man. An buga su da yawa, robarsu na jure wahala, kuma ko daga nesa za ka gane su a cikin tari. G.I. Joe na da daɗin gyara amma makamansa ƙanana ne kamar tsinken sakace, da wuya su iso Kano tare da mai su. Transformers na asali kuwa, sai mai dogon numfashi: jabunsu sun fi na kowa yawa, kuma guntu ɗaya ya karye shi ke nan motar ba ta komawa mutum. Voltron, wanda shi ne ya fi zama a ranmu, shi ya fi wuyar samu cikakke, don zaki biyar ne, kuma buhu ba ya kawo su tare.

Koyi karanta tambari

Nan ne ilimin yake, kuma nan zan daɗe. Kowane ɗan roba na asali yana da rubutu da aka zuba tare da jikinsa: alamar haƙƙin mallaka, sunan kamfani, shekara, sau da yawa har da ƙasar da aka ƙera shi. A He-Man da mutanensa duba ƙasan baya, wani lokaci sai ka ɗaga ɗamarar ƙirjin. A 'yan Star Wars na Kenner duba bayan cinya. A G.I. Joe duba mazaunai ko cikin cinya. A kunkuru duba ƙasan ƙoƙon baya ko tafin ƙafa. Rubutun ƙanana ne, cikin rumfa kuma da duhu, don haka kunna tocilar waya ta gefe yadda haruffan za su yi inuwa, ko ka ɗauki hoto ka buɗa shi.

Amma shekarar da ka gani ba ita ce shekarar da aka yi wannan na hannunka ba. Shekarar mazubin da ake zuba robar a ciki ce. He-Man na farko 1981 ke rubuce a bayansa alhali 1982 ya shiga kasuwa, kuma da yake Mattel ta riƙa amfani da gangar jiki ɗaya tana sauya kai da launi, za ka ga wanda ya fito bayan shekara uku yana ɗauke da tsohuwar shekara. Haka in kamfani ya sake bugo tsohon abu, wani lokaci da tsohon tambarin yake zuwa. To sai ka haɗa da wasu alamu.

Ƙasa tana taimakawa. Na shekarun 1980 za ka fi ganin Taiwan, Hong Kong, Malaysia, Mexico, Macau, Japan, wasu He-Man ma Faransa. In ka ga China kaɗai, yawanci ya fi kusa da ƙarshen shekarun 1980 zuwa gaba. Gaɓoɓi ma na magana. Tsohon He-Man hannunsa daga kafaɗa kawai yake juyawa, babu gwiwar hannu, babu gwiwar ƙafa, kuma in ka murɗa ƙugunsa ka saki sai ya dawo da ƙarfi kamar mai kai naushi, don akwai sifirin a ciki. Wanda Mattel ta sake fitarwa daga 2020 yana kama da shi sosai amma gwiwoyinsa na lanƙwashewa. Matsa kan da yatsa biyu: na farko-farkon He-Man da na farkon kunkuru kansu na da taushi, yana lotsawa. G.I. Joe na 1982 damtsensa ba ya murɗawa, daga 1983 aka ƙara masa wannan gaɓa, kuma duka suna da sukuru guda a tsakiyar baya. Tsohon ɗan Star Wars siriri ne, a miƙe kamar soja a fareti, gaɓa biyar kacal. In ka ga mai faɗin ƙirji kamar ɗan dambe da 1995 a ƙafarsa, wannan na baya ne, kuma sun yi yawa a duniya har ba a tayawa. A Transformers, daga 1985 an riƙa manna wata baƙar sitika da in ka goga da yatsa ɗumin ya bayyana alamar rundunarsa. A zafin Kano ma wani lokaci ba sai ka goga ba.

Jabu kuwa yana tona kansa da nauyi da fenti. Ba shi da nauyi a hannu, layin da aka haɗa gaba da baya yana da kaifi, ido ɗaya ya hau kan ɗaya, tambari babu ko an goge inda ya kamata ya kasance. Ba na cewa ka yar da shi. Akwai masu tara tsofaffin jabu da gangan, kuma wasu suna da ban dariya. Kada dai ka biya kuɗin doki a kan jaki. Sannan ba duk wanda launinsa ya saɓa ne jabu ba. A Indiya kamfanin Leo ya buga He-Man da izini, Funskool kuma ya buga G.I. Joe, launukansu kan ɗan bambanta, kuma na Leo ana nemansu. Garin da Indiyawa da Kwarori suka daɗe da iyalansu kamar Kano, ba abin mamaki ba ne irin wannan ya ɓullo daga sito.

Abu ɗaya da zai cika maka hannu a gwanjo shi ne ƙananan 'yan robar da gidajen cin abinci na Turai da Amurka ke ba yara kyauta. Za ka ga sunan McDonald's ko Burger King a jikinsu. Kai wa yara.

Inda ake nema

Fara da gidanku. Tambayi Hajiya ko tsohuwar adakar nan ta ƙarfe tana nan, ka leƙa sito da saman silin ɗin tsohon gida in ana ajiya a can. Tambayi 'yan uwa da abokan firamare, musamman waɗanda suka taso a Nasarawa ko Bompai ko gidajen ma'aikatan jami'a. Abin da aka ajiye a gida ya fi na buhu zuwa da kayansa, don ba a yi ta jujjuya shi daga ƙasa zuwa ƙasa ba. In an ba ka kyauta, ka kai wa yaran gidan sabon abin wasa a madadi.

Sai kasuwa. Ƙofar Wambai ita ce uwar gwanjo, sai Sabon Gari, sai masu shimfiɗa a bakin titi da yamma. Masu kayan gida na hannu da ake kira 'yan Beljiyam su ma kan samu kwali na kayan yara a cikin kwantena. Ka sani tun yanzu: abin da ke cikin dila a yau yawancinsa kayan shekaru goma ne ko ashirin da suka wuce. Na 1980 da wani abu jefi-jefi ne. Za ka je sau biyar ka dawo da ƙura kawai a hannun riga. Sa'ar tana wajen wanda ya yawaita zuwa.

Don haka dabarar da ta fi kowace ita ce ka yi mutum ɗaya. Zaɓi mai gwanjo guda, ka riƙa saye a wajensa ko da ƙaramin abu ne, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi ranar da yake buɗe dila. Tura masa hotuna huɗu ko biyar ta WhatsApp na irin abin da kake nema, kada su fi haka, in sun yi yawa ba zai riƙe ba. Abu mafi muhimmanci, ka ce masa, "Malam, don Allah in ka zazzage buhu kada ka share na ƙasan, tara min a leda, zan biya." A wannan ƙasan buhun ne takubba da garkuwa da bindigogi da huluna suke taruwa, kuma su ne suke bambanta ɗan roba tsirara da cikakke. Sau da yawa makamin ya fi mai shi wuyar samu, don yaro ya fi saurin ɓatar da takobi kan ya ɓatar da He-Man. Rabin takobin da na ambata ba karyewa ya yi ba, haka aka yi shi: He-Man na da rabi ruwan toka, Skeletor na da rabi shunayya, in aka haɗa su zama ɗaya.

'Yan jari-bola ma kada ka raina su. Roba da nauyi suke sayarwa, kuma in wani gida ya yi shara babba, su ne farkon gani. Nuna wa na unguwarku hoto.

Ciniki

In ka hango abin da kake so, kada ka ɗauke shi shi kaɗai ka tambayi kuɗinsa. Tara abu biyar ko shida, har da motar da ƙaramin ɗanka zai so, ka yi kuɗinsu a dunƙule. Ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, ya sallama. Amma ni ina ganin bai kamata ka mai da mutumin wawa ba. In ka samu abu mai kyau ƙwarai a hannunsa da arha, ka ƙara masa wani abu a kai ko ka yi masa alheri zuwa na gaba. Shi ma yana da waya, yana iya ɗaukar hoto ya bincika da Google Lens kamar yadda kake yi, kuma ranar da ya gane kana yi masa wayo, ranar ce ledar ƙasan buhu za ta koma hannun wani.

Kafin ka biya, duba babban yatsan G.I. Joe, don shi ke fara karyewa wajen cusa bindiga, da tsakanin cinyoyinsa. Duba hanci da gashin He-Man ko fentin ya goge, duba alamar haƙoran yaro ko na kare a hannu da ƙafa. Shinshina shi. Warin taba ko na ruma yana fita da wanki, amma in roba ta yi fari-fari tana marmashewa, bar ta a nan.

Wanki

Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda za ka iya yi wa jariri wanka da shi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Cire duk abin da ke cirewa, ka goga a hankali, ka bi lungu da audugar goge kunne. Ɗauraye, ka tsane da tsumma, ka shanya a inuwa gaban fanka kwana guda. Duk mai sukuru ko sifirin ko ƙarfe a ciki kada ka tsoma shi, goge shi kawai da tsumma mai danshi, in ba haka ba tsatsa za ta ci shi daga ciki. Mai sitika kada ruwa ya taɓa wajen. Wurin da aka shafa ruwan azurfa mai ƙyalli, kamar a Transformers, ko yatsa kada ka cika kai masa, yana gogewa.

Abin da ba a kusantar da shi: fetur, kalanzir, tina, bilic, da ruwan goge jan farce. Na ƙarshen nan da kaina na koya. Wani kunkuru na samu da zanen biro a ƙirji, na ɗauko kwalbar uwargida na ɗiga a auduga. Biron ya fita, fentin ƙirjin ma ya bi shi, robar ta yi laushi har zanen yatsana ya zauna a kai. Yana nan har yau da shaidar babban yatsana a cikinsa, in 'yan sanda na nema.

Za ka haɗu da wanda jikinsa ke danƙo kamar an shafa masa zuma. Sinadarin da ke sa roba taushi ne ke tsatsowa saboda tsufa da zafi. Wanke da sabulu, zai tafi, bayan wasu watanni ya dawo, ka sake wankewa. Farar roba da ta koma ruwan ɗorawa kuma, akwai masu jiƙa ta a ruwan haidurojin na kemis su sa a rana. Yana aiki, rana kuwa ba ma rasa ta, amma launin kan dawo daga baya, yana iya kashe fenti, robar ma ta ƙara gautsi. Ni na daina. Tsoho ya yi kama da tsoho.

Mai cin batir, buɗe ramin batirin tun a kasuwa in zai yiwu. In ka ga farin gari ko kore, ɗiga khal a audugar kunne ka goge, ka bar shi ya bushe sarai. Kada ka ajiye komai da batir a ciki.

Gyara

G.I. Joe da ya zo a wargaje, ƙafafu a gefe ƙirji a gefe, bai mutu ba. Wata baƙar zoben roba ce a cikinsa ke riƙe da komai, ita ta tsinke. Kwance sukurun baya da ƙaramar sukudireba irin ta masu gyaran waya, ka danna sosai kafin ka murɗa don kada kan ya cinye. In ya yi tsatsa, ɗiga man keke ka bar shi ya kwana. Ƙirjin zai rabu biyu, kai da hannuwa su zubo, don haka yi aikin a kan faranti. Ɗauki tsohuwar zoben ka kai wa masu kayan famfo ko masu kayan gyaran mota su ba ka daidai ita, ka sayi biyu uku masu ɗan bambancin girma. Saƙala ta a ƙugiyar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafu, ka zura ta cikin ƙugu, ka rataya a sandar da ke cikin baya, ka mayar da kai da hannuwa, ka rufe. In ta yi matsi da yawa za ta fasa ƙugun, in ta yi sako-sako zai riƙa rangaji.

He-Man ma ƙafafunsa roba ce ke haɗa su ta cikin ƙugu, kuma in ta saki ba ya tsayuwa. Wannan ta fi wuyar sauyawa. In ba ka saba ba, jingina shi kawai. Takobi ko sanda da ta lanƙwashe, tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci, miƙe ta da yatsa, ka jefa a ruwan sanyi. Sufa gulu kuwa ka yi nesa da shi sai dole, yana barin farin tabo, in kuma ya gangara cikin gaɓa ya kashe ta. Fenti ma kada ka ƙara. In ka ƙara don jin daɗinka, to ranar da za ka sayar ko ka yi musaya ka faɗa.

Ajiya a garin zafi

Abokan gaba a Kano huɗu ne: zafin bazara, ƙurar hunturu, danshin Agusta, da ɓera. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗakin da ke da kwano ba silin kuwa tanda ne. Kada ka ajiye a saman kabad kusa da rufi, ko a sito mai kallon yamma, ko cikin mota ko da na awa ɗaya. Nemi ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa amma ba a kan siminti ba, inda rana ba ta faɗawa.

Kowane ɗaya da ledarsa mai zif, makamansa a wata ƙaramar leda daban a ciki. Dalili shi ne roba mai taushi in ta daɗe manne da mai tauri cikin zafi sai ta narkar da ita, ka tarar da sawun taya ko na bulala a jikin abu. Kada ka ɗaure komai da kyauro, narkewa yake ya manne. Jera su a akwatin roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, kada ka sa kafur. Kwali gara da kyankyaso ke ci, kyankyaso ma har sitika yake lasa. In kuma kana da shokes mai gilashi, to ka tuna da turaren wuta: hayaƙinsa na da daɗi a ɗaki amma yana kwanciya a kan roba ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina, buɗe ka duba kowa.

Yara za su gani, za su kuma so. Ware musu nasu kwandon na jabu da na baya-bayan nan. Tsofaffin ba na baki ba ne: a 1986 an janye zakunan Voltron na ƙarfe da aka ƙera a Taiwan daga kasuwar Amurka saboda dalma a fentinsu, kuma mu nan mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara. Ƙananan makaman ma abin shaƙewa ne ga mai rarrafe.

Saye daga nesa, da maganar riba

In wani guntu ya gagare ka, akwai Jiji da Facebook, akwai 'yan uwanmu da ke kasuwar Katangowa a Legas da za su iya sa maka a mota. Nemi hoton tambari da bidiyon gaɓoɓi kafin ka tura kuɗi, kuma da wanda ba ka sani ba, fara da ƙarami. A eBay, kasuwar intanet ta ƙasashen waje, ba kowa ke aikowa Nijeriya ba, kuɗin aike kan fi na kayan, ga dala. Ya fi sauƙi ka haɗa 'yan ƙananan abubuwa a adireshin ɗan uwa da ke can ya taho da su. Ka kula, ana buga sababbin makamai masu kama da tsofaffi, mai gaskiya yana rubutawa, marar gaskiya ba ya yi.

eBay ɗin dai na da wani amfani: duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da aka sa wa kuɗi ana jira ba. Nan za ka ga cewa manyan kuɗin da ake yayatawa na waɗanda ba a taɓa buɗe kwalinsu ba ne. Naka da ya sha hannun yaro a Ingila, ya sha matsar dila, ya sha ƙurar Wambai, ba shi ba ne. Masu saye ma a nan ƙalilan ne. In jari kake nema, Dawanau na nan, ka sayi riɗi ka ajiye.

Samu ƙaramin littafi ko ka buɗe shafi a waya, ka rubuta sunan kowane, shekarar tambari, ƙasa, inda ka samo, nawa ka biya, da abin da ya rage masa. Wannan layi na ƙarshe shi za ka riƙa dubawa kafin ka shiga kasuwa, don a gaban buhu kai kan rikice, ka sayo garkuwa ta uku alhali gatari kake nema. A nawa, gaban sunan He-Man har yanzu an rubuta: gatari babu, rabin takobi ruwan toka babu. Mai gwanjona ya ce Laraba zai buɗe sabuwar dila.